Mudun Ruwa: Me Ya Sa Gungume Ke Tasowa, Allura Ke Nutsewa?

  Tambayar yau irin wadda yaro ke yi ce a bakin rafi, babba ya yi dariya ya wuce domin yana ganin amsar a fili take. Me ya sa wani abu in an jefa shi a ruwa yake nutsewa, wani kuma ya taso? Mutum goma za ka tambaya, tara za su ce mai nauyi ne ke nutsewa, marar nauyi ya taso. To amma ga allura, wadda ko jariri zai ɗaga, in ta faɗa randa sai an kwashe ruwa kafin a ganta. Ga kuma gungumen itace da ƙarti huɗu za su yi nishi kafin su ciccibe shi, ambaliya ta ɗauko shi a ka tana tafe da shi kamar kara. Amsar da muka saba bayarwa ke nan ta faɗi tun a gwajin farko. Abin da nake so mu tabbatar yau shi ne, ruwa yana da mudunsa na awo, kuma duk wanda ya san shi zai iya faɗin abin da zai taso da abin da zai nutse tun kafin a jefa.

Mu fara daga kasuwa, domin a can hankalinmu ya fi kaifi. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Makarfi ya san mudun gero da mudun dusa girmansu ɗaya, amma hannu na ɗagawa zai bambanta su. Buhun auduga da buhun gishiri ma haka. Ashe nauyi iri biyu ne. Akwai nauyin abu gaba ɗayansa, wanda sikeli ke faɗa, akwai kuma nauyinsa gwargwadon wurin da ya cinye, wato yadda ya danƙaru. Wannan na biyun za mu kira shi nauyin mudu, kuma shi kaɗai ruwa ya sani. Masana sun auna sun samu lita 1 ta ruwa tana da nauyin kilo 1. Lita 1 ta man gyaɗa kimanin giram 910 ce, ta fetur wajen giram 740, ta ƙanƙara giram 920. Idan aka cika mazubin lita 1 da ƙarfe zalla, babu rami babu kafa, zai kai kilo 7.8, zinare kuwa kilo 19.3. Duk abin da mudunsa ya gaza na ruwa nauyi zai taso, wanda mudunsa ya fi na ruwa zai nutse. Allura ƙarama ce, amma ƙarfe ce, mudunta ya ninka na ruwa kusan sau 8. Gungume ƙato ne, amma cikinsa cike yake da ƙananan kafofi masu iska, mudunsa bai kai na ruwa ba.

Wani zai ce, to wannan ai suna kawai aka sa wa abin, ba a faɗi dalili ba. Gaskiyarsa, kuma dalilin yana bakin rijiya. Duk mai jan ruwa ya san guga cike, muddin tana cikin ruwa, igiya sakwa-sakwa take, yatsa biyu ma za su riƙe ta. Tana fitowa daga ruwan sai nauyi ya faɗo wa kafaɗa gaba ɗaya. Wa ke ɗauke da nauyin a can ƙasa? Ruwan rijiyar ne. Ruwa yana danna duk abin da ke cikinsa ta kowane gefe, kuma dannar tana ƙaruwa da zurfi, shi ya sa mai nutso ke jin kunnuwansa na toshewa in ya yi ƙasa. Tunda gindin guga ya fi bakinta zurfi, turin da ke zuwa daga ƙasa ya fi wanda ke zuwa daga sama, sai ragowar ta zama ɗagawa. Girman wannan ɗagawa kuwa sananne ne: daidai yake da nauyin ruwan da abin ya ture ya zauna a gurbinsa. Ka cika bokiti fal, ka sa ƙwarya da tsakuwa a ciki ta zauna a saman ruwan, ka tare ruwan da ya zuba ka auna, za ka tarar nauyinsa daidai da na ƙwaryar da tsakuwarta. Kamar ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Abu ya karɓi gurbin ruwa, ruwa ya biya shi da ɗagawa gwargwadon abin da aka ture, ba ragi ba ƙari. In ɗagawar ta kai nauyin abin tun bai gama shiga ba, sai ya tsaya nan. In ya shige duka amma ɗagawar ba ta kai ba, sai ƙasa.

Wanda ya fara rubuta wannan ƙa'ida shi ne Arkimidis, mutumin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Akan ba da labarin sarki ya sa shi ya binciko ko maƙeri ya yi wa kambinsa na zinare algus da azurfa, amma wanda ya rubuta labarin ya zo ne kusan shekara 200 bayansa, saboda haka ƙa'idar ta fi labarin inganci. Malaman Musulunci ne suka mayar da ita awo na ƙwarai. Albiruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya ƙera wani mazubi mai ɗan bututu a wuya, yana jefa ƙarfe ko dutse mai daraja a ciki, ya auna ruwan da ya tsiyayo, kuma alƙaluman da ya samu na zinare da zaiba da jan ƙarfe sun yi kusa ƙwarai da na yau. Bayansa Alkhazini, a birnin Marwa, ya rubuta littafin Mizanul Hikma wajen shekarar 1121, a kan ma'aunin da ke gane zinaren gaske da na jabu ta hanyar tsoma shi a ruwa. Ina faɗin wannan ne domin kada wani ya ɗauka ilimin baƙo ne gare mu.

Hasali ma matan karkara sun daɗe suna aiki da shi ba tare da sun ji sunan kowa ba. Mai regayar shinkafa tana juya ƙwarya a ruwa, ƙaiƙayi ya taso ta zubar, shinkafa ta bi hannu, tsakuwa ta kwanta a gindi: abu uku, mudu uku, ruwa ya jera su. Mai ƙuli-ƙuli ta san mai ba ya zama ƙarƙashin ruwa. Bafulatana in ta kaɗa nono, man shanu ne ke tattaruwa a sama. A wurin dafa mazarƙwaila, sana'ar da ta yi wa Makarfi da Kudan suna, kumfa da tarkacen rake suna tasowa a kwashe, ruwan kuma yana ƙonewa yana ƙara nauyin mudu, har ya zama curin da in ka jefa a kofin ruwa kai tsaye zai yi ƙasa. Masana'antun sukari da wannan suke gane zaƙin rake: akwai wani ɗan kwalba mai tsawo da ake tsomawa a ruwan raken, in sukari ya yi yawa ya taso sosai, in ruwan salam ne ya ƙara nutsewa. Irinsa ne masu gyaran batir ke zuƙo ruwan batir da shi, irinsa ne kuma ake kama madarar da aka yi wa ƙarin ruwa.

Ga manomi kuwa, a nan amfanin ya fi yawa, kuma a nan ya kamata a yi hattara. Irin shinkafa ko wake ko albasa in aka zuba a ruwa, wanda bai cika ba da wanda ƙwaro ya huda ya cinye cikinsa za su taso, cikakken ya kwanta. Masu cire irin tumatir a Ikara da Hunkuyi sun san haka: bayan an bar shi ya kwana biyu ya yi tsami, ana wankewa mai kyau yana gindi, fanko yana sama. Malaman gona sukan ƙara wata dabara ga irin shinkafa, a zuba gishiri a ruwan har sai ɗanyen ƙwai sabo ya taso ya nuna kansa. Gishirin ya ƙara wa ruwan nauyin mudu, don haka irin da ya cika rabi da rabi, wanda zai nutse a ruwan daɗi ya ruɗe ka, yanzu zai taso a kwashe shi. Sai dai dole a ɗauraye wanda ya kwanta da ruwa mai kyau nan take, domin gishiri yana kashe tsiro. Ruwa kuma cikar ƙwaya kawai yake aunawa, ba ya sanin rai. Irin da ya shekara uku a ɗaki mai zafi zai iya nutsewa sarai alhali ya mutu, saboda haka gwajin ruwa ba ya ɗauke wa mutum shuka ƙwaya ɗari a tsumma mai laima ya ƙirga nawa suka tsiro. Haka ƙwan zabi da ake gwadawa a kwano da damina. Ɓawon ƙwai yana da kafofi da ido ba ya gani, ruwan ciki yana fita a hankali, iska tana maye gurbinsa. Sabo ya kwanta, mai kwanaki ya miƙe tsaye, tsoho ya taso. Tsufa ruwan ya nuna, ruɓa kuwa sai an fasa hanci ya yi hukunci.

Yanzu ga babbar musu. In ƙarfe ya ninka ruwa kusan sau 8, yaya jirgin ruwa na ƙarfe ke ɗauko dubban tan na taki da shinkafa ya kawo Legas? Ɗauki kwanon sha mai nauyin giram 300 wanda ke cin lita 2. In ka ɗora shi a ruwa zai shiga kaɗan, daidai inda ya ture giram 300 na ruwa, ya tsaya. Yana da sauran gurbin kilo 1.7 da zai iya ɗauka kafin ruwa ya kai bakinsa. Kai wa maƙeri kwanon nan ya dandaƙe shi ya zama curi. Nauyinsa bai ragu ba bai ƙaru ba, amma yanzu ruwan da zai ture bai wuce cokali uku ba, sai ya nutse kamar dutse. Ƙarfen bai canza ba, wurin da ya mamaye ne ya canza. Masu cewa iska ce ke riƙe da jirgi sun kusa gaskiya, sai dai ba iskar ke ɗagawa ba. Aikinta ta tsare gurbi ba tare da ta ƙara nauyi ba. Ranar da ruwa ya shiga ya kore ta, mudun jirgin ya koma na ƙarfe da ruwa, shi ke nan. Matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan biki, su kifa ƙwarya a kan ruwa, da masuntan Argungu da ke kwanciya a kan gora, da ɗan ƙwallon da ke rufe famfon tankin ruwa in ya cika, da wanda ke cikin kafiretar injin ban ruwa a fadama, duk wannan hikimar ce.

Akwai wata magana da ake yi, wai ruwa mai zurfi ya fi ɗaukar kaya, marar zurfi ba shi da ƙarfi. Tsohuwar magana ce, har a Turai an yi ta, kuma Galileyo na Italiya ya rushe ta a littafinsa na shekarar 1612. Ƙwaryar da ta shiga yatsa biyu a baho, yatsa biyu za ta shiga a tsakiyar madatsar Tiga, domin ruwan da ta ture kawai ake lissafawa, ba wanda ke ƙarƙashinta ba. Abin da ke canza lissafi shi ne irin ruwan. Lita 1 ta ruwan teku ta fi ta kogi da kimanin giram 25, shi ya sa jirgi in ya baro teku ya shigo kogi yakan ƙara nutsewa kaɗan. A tafkin da Larabawa ke kira Bahrul Mayyit, a iyakar Jodan, lita 1 takan kai kilo 1.24 saboda gishiri, har wanda bai iya iyo ba yakan kwanta a kai. Wani kuma zai kawo hujjar cewa ya ga an kwantar da allura a hankali a saman ruwa ta zauna, ga kuma ƙwarin da ke gudu a kan kududdufi. Wannan gaskiya ne, amma wani sha'ani ne daban. Fuskar ruwa tana da ɗan ɗauri kamar yana, wanda ke iya riƙe abu ƙarami. Ɗiga sabulu kaɗan, yanar ta saki, allura ta tafi inda mudunta ya ce ta tafi.

Wannan ilimi yana da gefen da ya shafi rai, kuma saboda shi na zaɓi maganar. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, kwalekwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, kuma hukumomi sun ce lodi ne ya wuce kima. Allah Ya jiƙansu. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja da wannan. Amma Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya sa wa ruwa ma'auninsa, kuma Ya ba mu hankalin gane shi. Ga lissafin a sauƙaƙe. Kwalekwale mai tsawon mita 6 da faɗin mita 1, duk santimita 1 da ya ƙara shiga ruwa, abin da yake turewa bai wuce lita 60 ba, wato kimanin nauyin mutum ɗaya. Ma'ana kowane fasinja yana cinye aƙalla santimita 1 na bakin jirgin. In tazarar baki da ruwa ta rage faɗin tafin hannu, jirgin yana tafiya lafiya a idon mai kallo, amma igiyar ruwa ɗaya, ko mutum uku su karkata gefe guda, ta isa. Ruwan da ya shigo kuma sabon fasinja ne, yana ƙara nauyi, baki ya ƙara yin ƙasa, wani ruwan ya biyo. Shi ya sa nutsewar ke zuwa farat ɗaya. Ingila ta sha wannan masifa a hannun masu jiragen da ke cika lodi don riba, har wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutuka aka yi doka a 1876 cewa a zana layi a jikin kowane jirgi, in ruwa ya rufe layin an yi laifi. Layin nan yana jikin jiragen duniya har gobe. Ban ga abin da zai hana a zana irinsa da fenti a jikin kowane kwalekwalen haya a ƙasar nan ba, yadda fasinja da kansa zai duba ya ce shi kam ba zai shiga ba.

Mu a nan yankin Makarfi da Ikara da Kudan ba mu da manyan koguna, amma muna da kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, da madatsun noman rani da rafukan da ke cika a watan Agusta, kuma kowace damina suna cin yara. Jikin mutum dab yake da mudun ruwa. In huhu na cike da iska yakan gaza ruwa nauyi kaɗan, in iskar ta fita ya fi shi kaɗan. Abin da ke tsakanin tasowa da nutsewa numfashi ɗaya ne. Wanda ya firgita yana ihu yana fitar da iskar da ke riƙe da shi, yana kuma ɗaga hannuwa sama, alhali duk gaɓar da ta fita daga ruwa ta daina samun ɗagawa, ta zama kaya a kan sauran jiki. Wanda ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa a cikin ruwa, ya bar fuska kawai a waje, ya fi kusa da tsira. Wannan ne kuma bayanin abin da ke sa a ce ruwa ya riƙe mutum sai bayan kwana biyu ko uku ya sake shi: iska ce ke taruwa a cikin gawa, jiki ya kumbura, mudunsa ya koma ƙasa da na ruwa.

Tunda tazarar kaɗan ce, abin ceto ma ba sai babba ba. Rigar kariya ta manya ɗagawar da take bayarwa kilo 10 zuwa 15 ce kawai, kuma ta isa ta riƙe kan ƙato a sama. Jarkar lita 25 da babu komai a ciki, in an ɗaure murfinta tam, tana iya ɗaga fiye da kilo 20. Ko galan mai lita 4 yana taimaka wa yaro ya tsayar da hancinsa a waje. Babu gidan da ba shi da jarka, babu fadamar da ba a ajiye ta ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma sau da yawa wanda ya yi tsalle don ceto, mai nutsewa kan ƙanƙame shi su tafi tare. In ka ga wani yana nutsewa, zubar da abin da ke cikin jarkar, rufe ta, ɗaura mata igiyar guga in akwai, ka jefa masa kana tsaye a tudu. Masu unguwanni da shugabannin manoman rani za su iya sa a rataye jarka ɗaya da igiya a bakin kowane kududdufi da yara ke wanka, a kuma nuna wa yaran yadda ake rungume ta a ƙirji.

Abu na ƙarshe, tunda mun ce fetur da man gyaɗa duka ba su kai ruwa nauyin mudu ba: in wuta ta kama kaskon suya ko jarkar mai sayar da fetur a bakin hanya, kada a watsa ruwa. Ruwan zai shige ƙasa, man ya hau kansa yana ci, ya bi shi duk inda ya malala, a kasko kuma ruwan ya tafasa nan take ya watso mai a fuskar mai kashewa. Murfi ake kifawa, ko a zuba yashi, ko a rufa jiƙaƙƙen buhu da aka matse.